Wasiƙar da Ta Je wa Manoma Ɗari Shida

Ranar da Zinatu ta fara shiga ofishin ƙungiyar manoman shinkafa ta Gummi, Nafi'u yana durƙushe ƙarƙashin tebur yana laluben wayar kwamfutar da ta zare. Da ya ji sallamar mace sai ya zabura zai miƙe, ƙeyarsa ta daki katako, ƙum! Haka ta fara ganinsa, dafe da kai, ga yanar gizo a hularsa, ta gaske ba ta kwamfuta ba.

"Sannu," ta ce tana danne dariya. "Kai na injiniyan?"

"Ni na. A'a. Wato... eh."

Ai kuwa duk Gummi an san Nafi'u da wannan. Shekararsa ashirin da bakwai, hannunsa ya iya aiki, amma kunya ta yi masa katutu. In ya hango taron mata a hanya gara ya zagaya ta bayan makabarta. Shi ne ya haɗa manhajar da ke tura wa manoma ɗari shida saƙon waya kowace Juma'a da tsakar rana, daga Gummi har Bukkuyum da Anka: ruwan gulbi ya kai ina, yaushe za a zuba taki, wace tsutsa ta ɓullo. A ƙarshen kowane saƙo manhajar da kanta take liƙa sunan sakataren ƙungiya, Auwalu.

Zinatu 'yar Malam Hudu ce, wani dattijon manomi a bakin fadama. Ta yi karatun kwamfuta a Sakkwato, aka ɗauke ta ta taimaka wa Nafi'u. Kwamfuta ɗaya ce tal a ofishin, tana shan wutar sola, don haka kujerunsu biyu suke jerawa gabanta.

Duk aikinsu a cikin Git yake, wato ma'ajiyar da ke tuna kowane canji da aka yi wa fayil. Tana da babban reshe, wanda daga shi saƙo ke fita zuwa ga manoma. Mutum kuma yana iya tsaga nasa reshen a gefe, ya yi gwaje-gwajensa, babban bai san ana yi ba.

Cikin satin farko Zinatu ta kama shi da wata ɗabi'a.

"Malam Nafi'u, wagga kalma taka ta checkout tsoro taka ba ni," ta ce. "Kalma guda, aiki biyu. Ka ba ta sunan reshe, ta kai ka can. Ka ƙara mata sunan fayil, ta ɗauko na can ta danne na gabanka, ko tambaya babu. In za ka canza reshe ka ce switch, in za ka maido fayil ka ce restore. Don irinku anka raba su."

"Hannuna ya saba," ya ce, idonsa a kan allon rubutu.

"To Allah shi kiyaye hannun."

Tun daga nan ya sa mata suna Mai Gyara, a cikin ransa kawai, ba a fili ba.

So ya kama Nafi'u kamun da bai shirya masa ba. Da safe sai ya tsara magana tun daga gida, yana isa ta ce "Ina kwana?" duk ta zube. Da abin ya ishe shi sai ya tsaga wani reshe ya sa masa suna zuciya. Kullum in ta fita sallar azahar sai ya yi wuf ya koma can, ya buɗe fayil ɗin saƙon mako, ya share maganar taki da tsutsa, ya rubuta mata wasiƙa, ya adana, ya gudo babban reshe yana waige-waige kamar wanda ya ɗebi nama a tukunya. Wata biyar yana wannan, a ganinsa ya yi dabarar da ba a taɓa yi ba.

Shi kuwa Auwalu sakatare ba ya da wannan ciwo. Mutum ne mai baki, mai turare, mai babur sabo. Sau biyu yana tare Zinatu da maganar aure, sau biyu tana ba shi haƙuri cikin ladabi.

Wata Alhamis cikin damina hadari ya haɗu tun hantsi, batirin sola ya yi ƙasa. Nafi'u yana tsakar gyara saƙon gobe kwamfuta ta mutu. Da ta farfaɗo, rabin rubutun ya tafi. Abu mai sauƙi ne, kwafin jiya yana nan lafiya lau a ma'ajiya, maido shi kawai zai yi. Ya rubuta checkout, ya rubuta sunan fayil. Amma a tsakaninsu yatsun nan da suka saba zuwa wuri ɗaya kullum suka saka kalmar zuciya, bai ko lura ba. Batiri yana kuka, iska tana buga taga. Bai buɗe ya duba ba. Ya adana, ya tura, ya rufe ofis ya ruga gida kafin ruwa ya sauko.

Washegari bayan an sauko daga masallacin Juma'a, dattawa suka zauna a majalisarsu ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan Malam Hudu. Nafi'u ya biyo ta nan, ya tsuguna yana gaishe su. Malam Hudu ajami ya iya, bai yi boko ba, don haka kowane mako yakan miƙa wayarsa ga Sharu mai gyaran injin ban-ruwa ya karanta wa kowa. Sharu kuwa murya gare shi, kuma ba ya duba abin da ke gaba kafin ya faɗa.

"Ku saurara, saƙon ƙungiya ya iso," in ji Sharu. Ya gyara murya ya fara:

"Zinatu, Mai Gyarana. Yau ma kin zauna kusa da ni na kasa cewa komai. Ina iya gaya wa manoma ranar da gulbi zai cika, amma ban san ranar da bakina zai buɗe ba. Ina son ki, son da ya hana ni cin abinci. In Malam Hudu zai ba ni ke, zan nome masa fadamarsa shekara bakwai ban ce na gaji ba. Auwalu, Sakatare."

Sai da ya kai ƙarshe sannan kunnensa ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Zinatu ita ce 'yar farin Malam Hudu, ko a cikin gida bai taɓa kiran sunanta ba, "yarinyag ga" yake cewa. Yau ga sunan an shelanta masa a gaban sa'o'insa, haɗe da nasa. Ya karɓi wayarsa, ya saka a aljihu, ya tashi ya shige gida, har ya manta takalmansa.

Wani dattijo ya saki dariyar da ya kasa riƙewa. "Ashe Auwalu ma yana rasa bakin magana?" Sannan ya juyo ga Nafi'u. "Kai da ka aiki can, haka sakatarenku ya lalace?"

Nafi'u yana tsugune, gumi ya jiƙa masa riga, yana ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ga dama ta samu, kalma biyu kawai ake nema gare shi. Ya buɗe baki.

"Allah shi kyauta," ya ce.

Wannan ce maganar da ta fi kowace ƙona masa rai daga baya.

Kafin magariba labari ya gama gari. A bakin kasuwa ana kiran juna Mai Gyarana ana shewa. Waɗanda ba su san Zinatu ba suka fara tambayar wace ce, waɗanda suka san ta suka fara ƙari da nasu: ai dama, mace da maza biyu a ɗaki guda, me ake jira? Ranar Asabar kujerarta ta wuni babu kowa. Malam Hudu ya ce ita da ofishin nan har abada.

Auwalu ya shigo da hantsi, ya jawo ƙofa, ya zauna a kan kujerar tata.

"Na san kai na," ya ce a hankali. "Mutum biyu ka taɓa wagga kwamfuta, kuma ba ita tar rubuta ma kanta ba. Kwantar da hankalinka, ba ni tona ka. Sunana ag ga saƙon, ni za ni ɗauka. Gobe bayan la'asar magabatana za su tahi wurin Malam Hudu. An ga ɗiyatai da sunana, in nij je neman aure an wanke ta, shi ma ya huta. Kai ko aikinka na nan, mutuncinka na nan. Ka dai yi abin da kas saba, ka yi shiru."

Nafi'u ya bar shi ya tafi a kan haka. Abin kunyar shi ne, wani sashe na zuciyarsa ya ji sanyi da wannan tayi.

Da yamma mahaifiyarsa, Inna Turai, ta ajiye masa tuwon shinkafa, ta zauna tana tsince wake, tana kallon yadda yake juya loma ɗaya.

"An karanta mani takardan nan gidan suna," ta ce. "Mata na ta dariya, ni ban yi ba. Ba Auwalu yar rubuta ta ba. Auwalu bai san shiru ba, balle ya san zahinai. Kowa na dai, uwatai ta ji kunya. Ba don ya so ɗiyam mutane ba. Don ya bar ta ita ɗai cikin bakin duniya."

Ba ta dube shi ba. Ta ce ya ci tuwonsa kar ya huce.

Ranar Lahadi da sassafe ya buɗe ofis da niyyar share sawunsa. Ya maido da saƙon gaskiya a babban reshe, wannan karon da restore, ya buɗe ya karanta sau uku. Saura reshen zuciya. Umarni ɗaya zai ba da, wasiƙun wata biyar su ɓace, ba mai iya nuna shi da yatsa. Ya ce bari ya leƙa sau ɗaya na ban kwana. Ya koma reshen, kuma a karo na farko, maimakon ya faɗa kan fayil ɗinsa a guje, ya tsaya ya dubi jerin abin da ke ciki.

Akwai fayil ɗin da ba shi ya ƙirƙira ba. Sunansa amsa.

Ya buɗe. Rubutun farko wata huɗu ke nan da yin sa:

"Malam Nafi'u, reshe ba ɗaki ne mai kwaɗo ba. Duk wanda ya nemi jerin rassa zai gan shi. Na gani, na shiga, na karanta, ka yafe mini. Ƙauna da ƙa mai lanƙwasa ake rubuta ta, na gyara maka."

Na biyu, bayan sati uku:

"Ina da amsa, amma ba kwamfuta zan ba ita ba. Kujerata taku ɗaya ce daga taka."

Daga nan sai gajeru, kusan kowane mako, duk abu ɗaya suke faɗa: "Yau ma na jira."

Nafi'u ya kifa kai a kan tebur. Wata huɗu! Tana zaune gefensa, ta san komai, tana ce masa ina kwana, shi kuwa yana ta kumbura da sirrinsa. Kuma tun Juma'a ta san wanda ya jefa ta cikin wannan hali, ba ta faɗa wa kowa ba. Ya yi kuka sosai, irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar mahaifinsa.

Ya ɗauki waya ya rubuta mata: "Na ga amsa. Na maido da fayil ɗin yadda yake. Ki gafarce ni, Mai Gyara."

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara: "Fayil ka maido. Sunana fa?"

Bai goge reshen ba. Da rana ta yi tsaka ya rufe ofis, ya nufi bakin fadama da ƙafa, kuma yau bai zagaya ta ko'ina ba.

Ana idar da azahar ya iske Malam Hudu a ƙarƙashin darbejiya tare da Sharu da dattawa uku, an shimfiɗa sabuwar tabarma saboda baƙin la'asar. Nafi'u ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Muryarsa ta fito siririya, sai da Sharu ya ce ya ɗaga.

"Baba, ni na. Ni nar rubuta wasiƙan nan, ba Auwalu ba. Ban yi nuhin ta hita ba, hannuna yay yi kuskure. Ita ba ta da laihi ko kaɗan, ko magana ban taɓa yi mata ba. Amma abin da ac ciki gaskiya na."

Malam Hudu ya dube shi.

"Shekaranjiya ba kai at tsugune nan ba?"

"Ni na, Baba."

"Mi kac ce?"

"Na ce Allah shi kyauta."

"To ka ji abin da yah hi ci mani rai. Kuskuren hannu kowa na yi. Amma kana gabana, kana kallo nit tashi ba takalmi, ka bari anka ɗora ma wani. Kwana biyu yarinyag ga ba ta leƙa ƙohwar gida ba. Wanda ba ya iya cewa ni na, shi za ni ba amana?" Ya kawar da kai. "Mutum ɗari shida sunka ji ɓarna, ni ɗai kaz zo ka gyara ma. Tashi ka ba ni wuri."

Nafi'u ya tashi. Sai dai ba gida ya nufa ba. Ya koma ofis da gudu, ya cire sunan sakatare daga ƙarshen saƙo, ya sa nasa. Ya rubuta, ya karanta, ya ji kamar ana tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa, ya runtse ido ya tura ba tare da jiran Juma'a ba:

"Assalamu alaikum manoma. Wasiƙar da kuka samu ranar Juma'a ni Nafi'u na rubuta ta, ba Auwalu ba. Kuskurena ne ya fito da ita, tsorona ne ya sa na yi shiru. 'Yar Malam Hudu ba ta da laifi, ban taɓa jin kalmar banza daga bakinta ba. Wanda zai yi dariya ya yi da ni. Ina neman gafararta, da ta mahaifinta, da taku. Ranar Laraba a zuba taki zagaye na biyu. Nafi'u."

Magabatan Auwalu su ma manoma ne, lambobinsu suna cikin ɗari shidan. Sun kusa darbejiyar da goronsu wayoyinsu suka yi ƙara a tare. Aka karanta musu, suka dubi juna, suka gaisa da Malam Hudu a kan maganar damina kawai, suka juya da goronsu.

Dariya kam an yi da Nafi'u, ba kaɗan ba. Shugabannin ƙungiya suka dakatar da shi wata guda. In ya shiga kasuwa sai a ce ga Ni-Na-Rubuta ya iso. Ya sha ta, kansa a ƙasa, amma bai ɓuya ba. Sunan Zinatu kuwa ya fita daga bakin mutane, har matan da suka fi kowa ƙari suka koma cewa ai su dama sun san yarinyar kirki ce.

Malam Hudu bai sauko da wuri ba. Sau biyu Inna Turai tana aika kawun Nafi'u neman aure, sau biyu ana ce masa a dakata. Da kaka ta yi, Nafi'u ya sayi lauje, ya bayyana a fadamar dattijon ba wanda ya kira shi. Hannun da ya saba da allon rubutu ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi. Kwana goma sha ɗaya Malam Hudu bai ce masa ko sannu ba. Ranar da aka ɗaure buhun ƙarshe ya tsaya a kansa.

"Shekara bakwai kac ce ko?"

"Haka nic ce, Baba."

"Da irin yankan ga naka, kahin shekara bakwai ka kashe mani gona. Kaka guda ta isa. Ka turo kawunka."

Bayan sati shida aka ɗaura aure. Manoma suka zo daga Bukkuyum da Anka, waɗanda aka gayyata da waɗanda ba a gayyata ba, suna cewa tun da da su aka fara, da su za a ƙare. Auwalu ma ya zo, ya yi musabaha, ya tafi da wuri.

Washegarin tarewa da hantsi, gida cike da 'yan'uwa mata ana ta ɗora tukwane, Nafi'u ya samu ya zauna gefen amaryarsa. Har yanzu lallen ƙafarta yake kallo, ya kasa kallon fuskar.

"Mai Gyarana," ya ce can ƙasa. "Da ban zo ba fa rannan? Da na goge reshen na yi shiru?"

Zinatu ta ɗan janye mayafinta.

"Da na ruhe maka asiri har in mutu, angona. Ba mai ji daga bakina. Auwalu dai ba ni aurenai, na hwaɗa ma innata tun ran Juma'a. Amma kai ma da ban aure ka ba. Ko bayan shekara goma kaz zo."

Maganar ta shige shi har ƙashi. Ya ga yadda ƙiris ya rage ya tsira da mutuncinsa ya rasa ta gaba ɗaya, ba tare da ya taɓa sanin dalili ba. Ya ɗago kai, ya dube ta ido cikin ido.

"Zinatu, ina son ki."

Bai san da ƙarfi ya faɗa ba sai da tsakar gida ta yi tsit, sannan wata gwaggo ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Zinatu ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya, hawaye yana bin yatsunta.

Daga bakin murhu Inna Turai ta ɗaga murya, ita ma tana share ido da gefen zane.

"Yau na ji da kunnena. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ɗayyiba, shi ruhe muku asiri duniya da lahira."

Gidan duka ya amsa da amin.